KADA ƘASAR NAN TA ZAMA JUJIN TSOFAFFIN NA'URORI

Akwai wata irin shara da ke ta taruwa a biranen ƙasar nan da ƙauyukanta, wadda har yanzu hukumomi da jama'a ba su ba ta muhimmancin da ya kamace ta ba. Sharar nan ita ce ta kayan lantarki waɗanda suka mutu ko aka daina amfani da su, watau tsofaffin akwatunan rediyo da na telebijin, da firji, da injin sanyaya ɗaki, da kwamfuta, da wayar hannu da baturanta. Sauran shara ta kan ruɓe ta zama taki, manomi ya kwashe ya kai gona. Wannan kuwa ba ta ruɓewa. In aka binne ta sai ta gurɓata ƙasa da ruwan rijiya, in aka ƙone ta sai ta gurɓata iskar da kowa ke shaƙa. Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da za a tsaya a dubi al'amarin da idon basira, tun kafin ɓarnarsa ta fi ƙarfin gyara.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga irin wannan masifa. A tsakanin shekarar 1987 da 1988 waɗansu 'yan kasuwa na ƙasar Italiya suka yi ta jigilar ganguna cike da sharar masana'antu mai guba, kimanin tan 3,800, suna saukewa a Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a Jihar Bendel ta wancan zamani, wanda yanzu ya ke cikin Jihar Delta. A filin wani talaka aka jibge su, ana biyansa ladan ajiya dala 100 a wata, alhali kuwa bai san abin da ke ciki ba. Ba jami'an tashar ne suka tona asirin ba. Ɗaliban Nijeriya ne da ke karatu a Italiya suka ji labarin a can, suka rubuto wa jaridun gida. Gwamnatin Soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kira jakadanta daga birnin Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a Ikko, har sai da Italiya ta yarda ta kwashe kayanta. Jirgin nan mai suna Karin B da ya ɗauki wani kashi na sharar ya yi ta gararamba a teku, tashoshin Turai suna korarsa ɗaya bayan ɗaya, kafin daga bisani ya sauke a Italiya. Abin da Turawa suka ƙi bari ya kusanci gaɓarsu, shi ne aka ajiye wata da watanni a tsakiyar gidajen mutanen Koko.

Wannan abin kunya shi ya haifi Dokar Soja mai lamba 42 ta 1988, wadda ta yanke ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya shigo da shara mai guba, da kuma Doka mai lamba 58 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta Tarayya, watau FEPA. Yana kuma cikin dalilan da suka sa ƙasashen duniya suka taru a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1989, suka ƙulla yarjejeniyar da ta ƙayyade safarar shara mai haɗari daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙasashen Afirka, da suka ga yarjejeniyar ba ta yi tsanani yadda su ke so ba, sai suka ƙulla tasu a Bamako a 1991, wadda ta hana shigo da irin wannan shara nahiyar baki ɗaya.

To, amma gubar yau ba a cikin ganga ta ke zuwa ba, balle a gan ta a yi kururuwa. Tana zuwa ne da sunan haja, a cikin kwali, an rubuta mata "kayan gwanjo", wani lokaci ma da sunan kyauta ga makarantu. Tun a 2005 wata ƙungiya ta Amurka mai sa ido kan yarjejeniyar Basel ta ba da rahoton cewa kwantena kimanin 500 na tsofaffin kwamfutoci da danginsu ke sauka a Ikko kowane wata, kuma 'yan kasuwar da kansu suka shaida cewa wani lokaci har kashi uku cikin huɗu na kayan matattu ne, ba sa gyaruwa. Bayan shekara goma, Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya tare da cibiyar yarjejeniyar Basel da ke Ibadan suka ajiye mai bincike a tashoshin Ikko a 2015 da 2016. Binciken ya nuna ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki. Kusan kashi 70 cikin 100 ba a kwantena su ke zuwa ba, ana cusa su ne a cikin tsofaffin motocin da a ke shigowa da su, inda ba a cika bincike ba. Fiye da kashi uku cikin huɗu kuwa daga tashoshin Tarayyar Turai suka taso, musamman Jamus da Ingila, alhali dokokin ƙasashen nan sun haramta fitar da irin wannan shara.

Dalilin wannan safara a fili ya ke. Warware tsohuwar na'ura a bisa ƙa'ida a Turai aiki ne mai tsada, saboda dokokin lafiya da albashin ma'aikata. Ya fi wa maras tsoron Allah sauƙi ya haɗa matattu da masu rai a mota ɗaya, ya turo Afirka, ribar masu aiki ta biya kuɗin jirgi, matattun kuwa su zama matsalar wanda ya saya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar bangon ƙasar nan tana bakin tashoshin jiragen ruwanta.

Duk da haka, kuskure ne babba a ɗora laifin kacokan a kan baƙi. Kafin zuwan wayar hannu a 2001, layukan tarho a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Yau sun wuce miliyan 150. Kowace waya tana da ranar mutuwarta, haka cajarta da baturinta. Rashin tsayayyar wutar lantarki yana ƙona telebijin da firji tun kwanansu bai ƙare ba, kayan jabu masu araha kuma ba sa shekara, shi ya sa Hausawa suka ce araha ba ta ado. Ga kuma fitilun caji da na'urorin hasken rana da suka cika gidaje, kowanne da baturin da za a jefar nan da 'yan shekaru. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna Nijeriya ta tara sharar lantarki kimanin tan 460,000 a 2019 kaɗai. Ashe ko da an rufe tashoshi gobe, abin da a ke zubarwa a cikin gida ya isa ya hana hukuma barci.

A duniya baki ɗaya ma haka abin ya ke. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce an zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, ƙarin kashi 82 cikin 100 a kan na 2010, ana kuma tsammanin za ta kai tan miliyan 82 a 2030. Abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa a bisa ƙa'ida bai wuce kashi 22 cikin 100 da 'yan kai ba. A Afirka ko kashi ɗaya bai cika ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin kayan nan. Gilashin tsohuwar telebijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma, wani lokaci fiye da kilo guda. Dogayen ƙwayayen fitila da fuskokin kwamfutoci na da suna ɗauke da zaiba. Tsohon firji yana da iskar da ke lahanta rufin sararin sama mai tare zafin rana. Robar da ta lulluɓe waya da jikin na'ura, in aka sa mata wuta, tana fitar da hayaƙi mai guba wanda likitoci suka danganta da ciwon daji da cututtukan huhu. Muddin na'ura tana rufe, gubar tana kulle. Ranar da aka sa guduma aka fasa ta, ko aka cinna mata wuta da tsohuwar taya don a ciro jan ƙarfe, ko aka tsiyayar da ruwan batir a kwata don a narke dalmar a tukunya, ran nan gubar ta fita, kuma ba ta komawa.

Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, inda a ke niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙura tana sauka a abinci da hannun yara. Dalmar da ke cikin batir da telebijin ita ce dai waccan. Likitoci sun tabbatar babu wani ɗan ƙaramin adadi nata da za a ce ba ya cutarwa a jinin yaro. Wanda ba ta kashe ba ta kan daƙushe masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa, a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi, ba a san ciwo ne ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a wani rahoto na 2021, ta yi gargaɗin cewa miliyoyin yara da mata masu ciki suna cikin wannan haɗari a jujayen ƙasashe masu tasowa.

Ƙasar Ghana ta ɗanɗana kuɗarta. Unguwar Agbogbloshie a birnin Ankara ta yi suna a duniya saboda hayaƙin ƙona wayoyi, kuma yawancin samarin da ke aikin 'yan ci-rani ne daga arewacin ƙasar. Wani bincike na 2019 ya auna ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, ya samu cewa wanda ya ci ƙwai ɗaya ya haɗiyi gubar hayaƙi ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a yini. A watan Yuli na 2021 hukuma ta aika da motocin rusau suka share wurin. Amma sana'ar ba ta mutu ba. Masu ita sun watsu cikin unguwanni da bayan gari, suka ci gaba da ƙone-ƙonensu kusa da gidajen jama'a, inda sa ido ya fi wuya. Wannan darasi ne ga duk Gwamnan da ke zaton rusau da kora su ne magani.

Dole ne a yi adalci a nan. Ba dukan kayan gwanjo ne shara ba. Ɗalibai da yawa ba su taɓa mallakar kwamfuta ba sai albarkacin gwanjo, haka ƙaramin ma'aikaci da firjin gidansa. Kasuwannin Alaba da Ikeja a Ikko, da Farm Centre da titin Beirut a Kano, da Panteka a Kaduna, suna cike da samari masu basirar gyara, waɗanda ke tayar da na'urar da Bature ya fid da rai da ita. Gyara shi ne matakin farko na kare muhalli, domin wayar da aka ƙara wa shekara uku ta rage shara, ta kuma rage haƙar ma'adinai. Haka nan 'yan gwangwan da 'yan bola-jari, waɗanda ke tura kura unguwa-unguwa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutanen da ke cin abinci da sharar lantarki a ƙasar nan sun kai 100,000, da yawansu kuwa 'ya'yan Arewa ne da talauci da rashin tsaro suka koro daga ƙauye. Ko da ya ke akwai ɓata-gari a cikinsu masu satar wayoyin lantarki da murafen kwalbati, waɗanda ya wajaba doka ta hukunta, mafi yawansu neman halali su ke yi, suna kuma yin aikin tattarawa wanda babu wata hukumar tsafta da ta iya shi. Su ne kuma na farkon shaƙar gubar.

Abin takaici shi ne dukiyar da ke salwanta. Rahoton nan na 2024 ya ƙiyasta ƙarafan da ke cikin sharar lantarkin 2022 a kan dala biliyan 91, da suka haɗa da jan ƙarfe da zinariya da baƙin ƙarfe. Ƙasar Japan ta nuna wa duniya abin da za a iya yi: lambobin yabo kimanin 5,000 da aka raba a wasannin Olamfik na Tokyo an ƙera su ne da ƙarafan da aka tace daga tsofaffin na'urori da jama'a suka bayar, ciki har da wayoyi fiye da miliyan shida, aka samu zinariya kilo 32 da azurfa kilo 3,500. A nan kuwa, yaro ya kan ƙona lafiyarsa ya ciro jan ƙarfe na 'yan kuɗi kaɗan, dillali ya tara faifan cikin na'ura mai ɗauke da zinariya ya tura waje, masana'antun ƙetare su kwashe ribar, a bar wa ƙasar nan toka da majinyata.

Ba doka ce ta yi ƙaranci ba. An kafa hukumar NESREA a 2007. A 2011 aka fitar da ƙa'idojin kayan lantarki, aka sabunta su a 2022, waɗanda suka haramta shigo da matattun na'urori, suka wajabta wa masu shigo da gwanjo yin rajista, suka kuma ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa alhakin kayansu har bayan mutuwarsu. A 2018 kamfanoni suka kafa ƙungiyar EPRON don sauke wannan nauyi. A 2010 da 2013 an tsare jiragen ruwa a Ikko an tilasta musu komawa da sharar da suka kawo. Tun daga 1 ga Janairu 2025 kuma, yarjejeniyar Basel ta hana fitar da kowace irin sharar lantarki zuwa wata ƙasa sai da izininta a rubuce. Amma doka a takarda ba ta hana hayaƙi tashi. 'Yan masana'antun da ke da lasisin sarrafa wannan shara yawancinsu a Ikko su ke, mutumin Sakkwato ko Maiduguri da ke son ya rabu da mataccen firji a bisa ƙa'ida bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Saboda haka wannan jarida tana kira da a ɗauki matakai kamar haka.

Na farko, a toshe kafar tashoshi. Wajibi ne Kwastan da NESREA su riƙa binciken cikin motocin gwanjo kamar yadda a ke binciken kwantena, a kuma nemi takardar shaidar gwaji ga kowace na'ura. Kayan da aka kama a mayar da su inda suka fito da kuɗin mai su, a buga sunansa a jarida, a gurfanar da shi gaban shari'a tare da duk jami'in da ya ɗaure masa gindi.

Na biyu, a tilasta wa kamfanoni biyan kuɗin da doka ta ɗora musu. Wanda ya ci ribar sayar da waya miliyan guda bai kamata ya bar wa Ƙaramar Hukuma gawarsu ba. Da wannan kuɗi ne za a riƙa sayen shara daga hannun 'yan gwangwan a farashin da ya fi na ƙonawa. Ranar da yaro ya ga waya da robarta ta fi daraja a wurin tattarawa, ba ya bukatar ɗan sanda ya hana shi kunna wuta. Ghana ta kafa irin wannan haraji a dokarta ta 2016, Ruwanda kuma ta gina masana'antar warware na'urori a gundumar Bugesera. Abin da Ruwanda ta iya bai fi ƙarfin Nijeriya ba.

Na uku, Gwamnatocin Jihohin Arewa su haɗa kai su kafa wuraren tattarawa a manyan kasuwanni, da aƙalla masana'anta guda a Kano ko Kaduna. A yi wa 'yan gwangwan rajista ta hannun shugabanninsu, a ba su katin shaida da fili a bayan gari nesa da rijiyoyi, da safar hannu da takunkumi da injin feɗe waya. A hana yara ƙanana wannan aiki sam, a kuma riƙa auna jinin ma'aikatan da na 'ya'yansu a asibitocin Gwamnati.

Na huɗu, Gwamnati ta fara da gidanta. Babu sakatariyar da ba ta da ɗakin da aka cika da matattun kwamfutoci da injinan buga takardu da na sanyaya ɗaki, ƙura ta rufe su, ana jiran kwamitin da zai yi musu gwanjo. In an tashi gwanjon kuwa, wanda ya fi tayi shi ke ɗauka, ba a tambayar inda zai kai su. Ya kamata Manyan Sakatarori da jami'an sito su tabbatar ba a sayar da mataccen kaya sai ga mai lasisi, a kuma goge bayanan da ke ciki tukuna. A 2009 waɗansu ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi ma'ajiyar kwamfuta a wata kasuwa a Ghana, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na Gwamnatin Amurka a ciki. Takardun albashi da na asibiti da na jarrabawa na ƙasar nan ba su fi ƙarfin irin wannan tonon silili ba. Haka kuma wajen saye, a daina fifita mai araha a kan mai ƙarko, a zaɓi na'urar da ke gyaruwa kuma a ke samun kayan gyaranta.

Na biyar, jami'o'i da kwalejojin fasaha su shigo ciki. Ɗaliban kimiyya su auna ƙasa da ruwan unguwannin da a ke wannan sana'a, su bayyana sakamakon ga jama'a da harshen da za su fahimta. Ɗaliban injiniya su ƙera injinan feɗe waya da na niƙa roba masu sauƙin kuɗi. Hukumar kula da ingancin kaya ita ma ta tsananta wa masu shigo da caja da batura na jabu. Tarayyar Turai ta wajabta caja iri ɗaya ga dukan sababbin wayoyi tun ƙarshen 2024 don rage shara, babu abin da zai hana a yi koyi da ita.

Daga ƙarshe, akwai abin da ya rataya a wuyan kowane magidanci. Kada a bar yara su yi wasa da mataccen batir ko fasasshen ƙwan fitila. Kada a jefa su a murhu, ko a rami kusa da rijiya, ko a cikin sharar da za a kai gona. Abin da ke gyaruwa a gyara shi, abin da ya mutu a ware shi dabam. Malamai a masallatai da majami'u, da masu unguwanni, da gidajen rediyo, su taimaka wajen faɗakarwa kamar yadda suka yi a yaƙi da shan-inna.

Ƙasa da ruwa amana ce da aka karɓa daga iyaye, za a kuma miƙa wa 'ya'ya. Gubar da ta shiga rijiya ba ta san gidan Kwamishina da na ɗan dako ba, kuma kuɗin da za a kashe wajen kankare ta daga ƙasa da jinin yara ya ninka na hana ta zuba sau da yawa, kamar yadda aikin share ƙauyukan Zamfara ya nuna. Rigakafi ya fi magani. Dokoki suna nan, hukumomi suna nan, masu sana'ar ma a shirye su ke in an nuna musu hanyar da ba za ta raba su da abincinsu ba. Abin da ya rage shi ne waɗanda aka damƙa wa amanar jama'a su tashi su yi aikin da a ke biyansu dominsa.